Wa Ya Buɗe Jitar Bahago?

Sajan na cikin shan shayinta na hantsi Mai Ganga ya faɗo gidan, sallamar ma rabi ya yi, yana haki kamar wanda aka biyo.

"Sajan, ki taso. Ana tuhumar ƙaninki da sata."

Ba ta ajiye kofin ba sai da ta ga ƙarshensa. Aikin 'yan sanda ya koya mata cewa labarin da ya zo da gudu rabinsa a hanya yake zubewa. Ta daɗe da yin ritaya, amma sunan Sajan ya ƙi sakinta, aikin ma haka. In keke ya ɓata a unguwa, ko janareta ya yi ƙafa, ƙofarta ake bugawa kafin a tuna da ofishin 'yan sanda. Abu guda take taƙama da shi, kuma ba ta jiran a tambaye ta kafin ta faɗa: ba ta taɓa ɗaukar sawu ta yar a hanya ba, ba ta kuma taɓa karkatar da shi don kunyar wani ba.

"Me aka ce ya sata?"

"Fikof ɗin jitar Bahago."

"Mene ne kuma fikof?"

Mai Ganga ya buɗe baki zai yi bayani, ta ɗaga masa hannu. Ta san halinsa, in ya fara sai rana ta yi sanyi. Ta ja mayafinta ta soke shi da fil, suka fita.

*

Shagon ƙaninta, wanda kowa ke kira Mai Gyara, yana tsakiyar layin masu kayan kiɗa. Ɗaki ne ƙarami mai warin dalma da ƙurar katako, bangonsa cike da ƙusoshi, kowace ƙusa da jitar wani rataye tana jiran a duba ta. Tun yana saurayi yake nan, har furfura ta same shi, ba a taɓa cewa ko sukuru ɗaya ya ɓata a hannunsa ba. Sunan nan shi ne dukiyarsa, ba shi da wata.

Yau da Sajan ta kutsa cikin taron, abin da ta fara gani ƙusoshin ne. Rabinsu tsirara. Masu kaya suna shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sauke tasa jitar ya fita yana kallon ƙasa.

Bahago na tsaye a tsakiyar shagon, dogo, ya harɗe hannuwa. Shi ne gwanin jitar lantarki na duk yankin, da hagu yake kaɗawa, kuma in ka manta da gwanintarsa zai tuna maka. Jitarsa na kwance a kan tebur, an buɗe cikinta. Mai Gyara na zaune a gefe a kan benci, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Ku koya mini kamar ɗaliba," in ji Sajan. "Me ya ɓata?"

Dillali ne ya matso, mai sayar da kayan gyara a shagon da ke kallon nan, mutum mai bakin da ba ya hutawa. Ya nuna mata abubuwa biyu a jikin jitar, kowanne kamar ƙaramin sabulu, masu ɗige-ɗigen ƙarfe shida a jere.

"Wannan shi ne fikof, Sajan. Maganaɗisu ne guda shida, kowace tsirkiya da nata, an naɗe su da wayar tagulla sirirya kamar gashi. Shi ke jin rawar tsirkiya ya miƙa wa lasifika. In babu shi, jitar nan katako ce kawai. Wannan na wuya, wannan na gindi."

Ta sunkuya don ta gani da kyau, sai fil ɗin mayafinta ya zame ya manne a jikin abin, tsaye cak. Ta cire shi da ɗan ja, ta mayar.

"Na gindin ne ya fara gurnani," in ji Bahago, muryarsa a daƙile. "Na zo in zaɓi sabo. Dillali ya kawo guda uku mu gwada. Ƙaninki ya ɗaga faifan da ke rufe cikin jitar a gabana, na leƙa bayan na wuyan don in gaisa da shi, kamar yadda nake yi. Maigidana da ya koya mini kiɗa shi ya ba ni shi da hannunsa kafin ya rasu. Akwai tauraro da ya kankare a bayansa da wuƙa. Ki duba ki ga ko akwai tauraro."

Babu tauraro. Murfin na sama tsoho ne, ya yi ruwan ƙwai don shekaru, amma abin da ke ƙarƙashinsa sabo ne.

"An bar mini riga, an ɗauke mutum," in ji shi. "Kuma tunda na mallaki jitar nan, hannu ɗaya ne ya taɓa buɗe ta." Bai kalli Mai Gyara ba, kuma ba sai ya kalla ba.

Wani daga bakin ƙofa ya ce, "To yanzu yayarsa ce za ta bincike shi?"

Sajan ta waiwaya a hankali, ta dube shi har sai da ya gyara tsayuwa.

"In shi ne, da bakina za ka ji," ta ce. Sannan ta juya ta dubi ƙaninta a kan bencin.

*

Da Dillali ta fara, saboda Mai Ganga ya raɗa mata a hanya cewa ya sha neman Bahago ya sayar masa da tsohon fikof ɗin.

"Na nema, ba zan ɓoye ba," in ji Dillali, yana jera mata kwalaye uku a kan kanta. "Wa zai ga irin wancan bai nema ba? Amma ki duba hannuna." Ya nuna mata wani tabo a babban yatsa. "Sau ɗaya na riƙe ƙarfen narka dalma, ta wajen wutar na kama. Ni sayarwa na iya."

"Waɗannan su ne ukun?"

Nan fa ta taɓo masa inda yake so. Na farko, in ji shi, mai naɗi ɗaya ne, muryarsa da kaifi, ana jin kowace tsirkiya daban, amma in ka tsaya kusa da ƙwan lantarki sai ya kama gurnani. Na biyu mai naɗi biyu ne, ɗaya na kashe gurnanin ɗaya, muryarsa da kauri, sai dai masu son kaifi na cewa kamar an rufe shi da bargo. Na uku da batir yake aiki, ga ƙarfi ga tsabta, matasa na rububinsa.

"To wanda aka sa wa Bahago, wane iri ne a cikinsu?"

"Babu. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Ba na kamfani ba ne, da hannu aka naɗa shi." Ya rage murya. "Kuma kin san maganaɗisun nan shida ba tsayinsu ɗaya ba, saboda tsirkiyoyin ba kaurinsu ɗaya ba. Na kasuwa duk don masu dama aka jera su. Wancan kuwa an juya jerin, daidai da bahago."

Sajan ta juya maganar a ranta. Ta kama ɓarayi iri-iri a rayuwarta, daga mai yankan aljihu har mai fasa sito, ba ta taɓa gamuwa da wanda zai zauna ya auna wanda zai cuta don abin ya zauna masa daidai ba. Ɓarawo abin da ya fi araha yake cusawa ya gudu.

"Wa ya iya irin wannan naɗin a layin nan?"

Dillali ya sosa ƙeya, ya kalli shagon da ke tsallaken titi. Ta gane amsar.

*

Mai Ganga ta samu a ɗakin da ƙungiyar kiɗansu da Bahago ke atisaye, yana ɗaure fatar ganga.

"Yaushe muryar jitar ta lalace?"

"Lalacewa?" Ya yi dariya. "Ai abin dariyar ke nan, Sajan. 'Yan watannin nan muryarta ta fi kowane lokaci daɗi. Kowa ya faɗa. Bahago ya ce hannunsa ne ya ƙara nuna, ya ce kyautar maigidansa kullum ƙara zaƙi take yi. Har kanmu ya yi ciwo da jin labarin."

"Wa ke ɗaukar masa ita?"

"Ɗauka? Ko inuwarta ka taka sai ya harare ka. A bayansa take zuwa, a bayansa take komawa."

"Bai taɓa rabuwa da ita ba?"

Mai Ganga ya yi tunani. Akwai lokacin da Bahago ya kai ta wurin Mai Gyara a gyara wuyan, amma a gabansa aka yi, yana tsaye kamar mai gadi. Sai kuma lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi a asibiti na 'yan kwanaki. Likita ya hana a shiga da jita, don haka a gida ta zauna.

"Daɗin da ka ce ta ƙara, kafin asibitin ne ko bayansa?"

Ya saki igiyar da yake ja. "Kin san kuwa bayansa ne."

*

Da ta koma shagon ƙaninta taron ya watse, ƙusoshin bango sun ƙara yin tsirara. Bahago ya bar jitar a buɗe a matsayin shaida. Ta ɗauki madubin ƙara girma na Mai Gyara, ta duƙa a kan wayoyin da suka fito daga baƙon fikof ɗin.

Ta san hannun ƙaninta tun yana yaro yana ɓarke rediyon babansu. Kowa miƙe waya yake yi ya ɗiga mata dalma. Shi kuwa sai ya lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, ya rataya ta, sannan ya ɗiga, wai ko dalmar ta saki wayar ba za ta faɗi ba. Ta duba waya ta farko, ƙugiya. Ta biyu ma ƙugiya.

Ta ajiye madubin. Ta zauna a gefensa a kan bencin.

"Wannan lanƙwasar taka ce."

"Tawa ce, Yaya."

"Kai ka yi?"

Ya ɗauki wani sukuru yana juya shi a tsakanin yatsu.

"Tambayarka nake yi. Na yi wa mutane alkawarin in kai ne zan faɗa, kuma ka san zan faɗa."

"Na sani. Ki bar maganar nan, Yaya. Za su yi surutunsu su gaji."

"Su gaji? Dubi bangonka."

Bai ɗaga kai ba. Ta dube shi ta gefen ido, abin da ta gani kuma ya ba ta mamaki. Ta san fuskar mai laifi, ta san ta wanda aka zalunta, wannan ba ɗaya daga ciki ba ce. Idonsa na kan naɗin tagullar nan, kuma wallahi in ba idonta ke yaudararta ba, murmushi yake dannewa. Mutumin da sunansa ke zubewa a titi, yana kallon abin da ya jawo masa kamar uban da ke kallon jaririnsa.

Ta miƙe ba ta ƙara tambaya ba. Wanda ya yi wannan aikin, ko dai ƙaninta ne, ko wanda ya koyi hannun ƙaninta. Jitar kuma gida ɗaya ta taɓa kwana ba mai ita.

*

Matar Bahago tela ce, a ɗakin gaba na gidansu take ɗinki. Kowa na kiranta Maman Injiniya, saboda babbar 'yarsu da ke naɗin injunan famfo a wani kamfanin ruwa. Ta tarbi Sajan da fara'a mai ɗan yawa, ta kawo ruwa, ta kawo kujera, ta sake kawo wani ruwan.

"Maigidan ba ya nan."

"Ke na zo gani. Maɓallin rigata ne ke lilo, na ce bari in biyo."

Ɗakin cike yake da yadi da ƙyallaye. Keken ɗinki na bakin taga, ga wani faffaɗan tebur na yanka a jikin bango.

"A ina jitar ke kwana?" Sajan ta tambaya kamar mai neman hira.

"A kan teburin nan. Ya ce nan ne kaɗai ba ƙasa ba, ba zafi ba. Ni da yadina sai mu matsa mata."

"Injiniya fa? Na kwana biyu ban gan ta ba."

"An tura su aiki wani gari. Gobe za ta dawo."

Maɓallin ya ƙarasa tsinkewa a hannun Maman Injiniya, ta ce bari ta nemo wanda ya fi shi. Ta miƙa hannu kan shiryayye wajen wani tsohon gwangwanin biskit, irin wanda kowane tela ke tara maɓallai a ciki. Hannun ya kusa kaiwa sai ya tsaya, ya kauce, ya ɗauko wata 'yar roba a gefe.

Sajan ta bi gwangwanin da kallo. A gefensa, ta waje, akwai fil-fil da allurai manne, ba a soke su ba, ba a ɗaure su ba, suna tsaye da kansu kamar gashin bushiya. Ba a warwatse suke ba kuma. Tsibi-tsibi suke a layi ɗaya. Ta ƙirga tsibin da ido, shida. Ta taɓa fil ɗin mayafinta, ta tuna yadda ya tsaya cak da safe.

Wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙirji, irin wanda mutum ke ji in ya sauke kaya mai nauyi. Ta bari aka gama ɗinke maɓallin, ta yaba aikin, ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo.

"Maman Injiniya, an kwashe kaya daga shagon ƙanina yau. Kin ji?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Na ji."

"Gobe da yamma zan tara kowa a can. Ki zo da 'yarki, ki zo da wancan gwangwanin. Ki kawo shi da hannunki ya fi in aiko a ɗauka."

*

Washegari shagon ya cika har waje. Bahago ya iso a makare, da gangan, ya ce shi ba shari'a ya zo ba, ya zo ne a cire masa tarkacen ɓarawo daga jikin jitarsa ya zaɓi sabo, kuma ba a hannun Mai Gyara za a ɗaura ba.

"Zaɓin za ka yi," in ji Sajan. "Amma an ce kunnenka babu irinsa, ni kuwa ban taɓa gani ba. Ka zaɓa ido a rufe mana."

Ta san inda ta soka. Bahago ya karɓi ƙyallen da kansa ya ɗaure fuskarsa, yana cewa ko a cikin rijiya aka saka shi zai bambance.

Mai Gyara na da jitar gwaji, wadda ya fafe bayanta yadda za a zura fikof ta baya a maƙala wayoyi ba tare da an kwance komai ba. Sajan ta sa shi tun safe ya juya mata tsirkiyoyi zuwa hagu. Ya zura na farko, aka ɗora wa Bahago ita a cinya.

Ya kaɗa kaɗan ya tsaya. "Mai naɗi ɗaya. Yana da baki, amma tsiwa ta yi masa yawa. Cire."

Na biyu ya ɗan daɗe a kansa. "Mai naɗi biyu. Mutumin kirki ne, ba ya gurnani. Sai dai kamar mai magana da abinci a baki. A gindi zai iya zama, a wuya a'a."

Na uku ko layi ɗaya bai gama ba. "Na batir. Ku kai wa yara."

Mutane suka yi dariya, har da tafi, domin duk ukun ya faɗa daidai. Dillali kaɗai bai yi dariya ba.

"Akwai na huɗu," in ji Sajan. Ta yi wa ƙaninta alama da kai. Ya dube ta kamar mai roƙo, ta ƙi kallonsa. Ya zura.

Bahago ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya bar ta ta yi ta amo har ta mutu da kanta. Ya sake taɓawa. Sai ya gyara zama, ya shiga wani kiɗa a hankali, shagon ya yi tsit har ana jin motocin babban titi. Sajan ba ta san komai a kiɗa ba, amma ta ji sautin na da taushi ba tare da ya narke ba, kamar muryar babban mutum da ba ya bukatar ɗaga ta. Ya daɗe bai tsaya ba. Da ya tsaya, ƙyallen fuskarsa ya jiƙe ta wajen idanu.

"Sajan, kin samo shi," ya ce. "Allah ya saka miki. Wannan shi ne na maigidana. Ko a cikin dubu aka jefa shi zan tsamo shi."

"Ka tabbata?"

"Ki tambaye ni ko na tabbata da sunana."

"To kwance idonka, ka juya jitar."

Ya kwance, ya juya. Babu tauraro. Abin da ya kira tarkacen ɓarawo ne, wanda aka ciro daga jitarsa yana ido a rufe, zaune a ramin, da jan naɗinsa da ƙugiyoyinsa biyu.

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Sajan ta ɗaga murya kaɗan. "Maman Injiniya, shigo."

Mutane suka dare. Matar ta shigo rungume da gwangwanin, 'yarta na biye da ita da rigar aiki, ko gida ba ta tsaya canzawa ba. Ta ajiye shi a kan tebur ta buɗe. A cikin maɓallai, manne da jikin gwangwanin ta ciki, ga tsohon fikof ba murfi. Bahago ya ciro shi, ya juya bayansa, ga tauraro.

"Kana asibiti," in ji matar, muryarta na rawa. "Na buɗe akwatin in goge mata ƙura don ka dawo ka same ta fes. Kwalin fil ɗina ya kife a kai. Duk suka manne, wasu suka shige ta gefen murfin. Na sa bakin almakashi ina zaƙulowa, sai na ga wani jan gashi ya biyo. Na ja shi, ya yi ta zuwa."

Dillali ya dafe kai da hannu biyu.

"Ni ta kira, Baba," in ji Injiniya. Ita muryarta ba ta rawa. "Na gwada shi, ya mutu. Na so in sake naɗa shi, amma jikinsa ya tsufa, yana taɓuwa yana marmashewa. Sai na auna komai nasa, na yanka sabon jiki, na ɗaura shi a kan wilin keken Mama, tana taka mini ina riƙe wayar da yatsa. Na farko da na biyu ban yarda da su ba, na warware. Wannan ne na uku."

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"Ka fito asibiti hannunka na karkarwa. Kana cewa in ba don kyautar maigidanka ba da ka ajiye kiɗa. Muka ce bari ka warke tukuna. Da ka warke kuma ka fara yabonsa safe da yamma, sai muka rasa ta inda za mu fara." Ta juya wajen Mai Gyara. "Kawu, wallahi sai yau da safe na ji abin da aka yi maka. Da ina gari ba za ka kwana da shi ba."

"Ƙugiyar ce ta kusa ɓatar da ni," in ji Sajan ga taron. "Hannun ƙanina ne sak. Na manta cewa yarinyar nan a bencin nan ta yi hutun makarantarta duka kafin ta tafi koyon injiniya. Shi bai manta ba. Yana ɗaga faifan ya gane aikin wa yake kallo, ya zaɓi a kira shi ɓarawo da ya tona ta a gaban ubanta."

Bahago ya tsaya da tsohon fikof a hannun dama, jitar gwaji a hagu, yana duban wannan yana duban wancan. Kowa na jira ya ga inda fushin zai sauka. Matarsa ta riga ta runtse ido.

Ya sa tsohon a aljihun ƙirjinsa, ya danne shi da tafin hannu. Sannan ya ajiye jitar gwajin, ya ɗauki jitarsa da ke buɗe a kan tebur, da hannu biyu, ya taka har gaban bencin, ya durƙusa. Dogon mutum ne, durƙuson ya ɗauki lokaci, kuma duk wanda ke wurin ya gani.

"A gaban mutanen nan na ɓata maka suna, a gabansu nake neman afuwa. Ka mayar mini da shi inda ka same shi. Da hannunka."

Mai Gyara ya karɓa, ya ce ba komai, ya ce ya tashi don Allah.

"Na gindin fa?" in ji Dillali, wanda ko a wurin makoki ba ya manta kaya. "Ka ce mai naɗi biyun zai zauna."

"Mayar da kwalayenka." Bahago ya miƙe yana kaɗe gwiwa, tsohuwar muryarsa ta fara dawowa. Ya dafa kafaɗar Injiniya ya juyo da ita wajen taron. "Kun dai ji da kunnenku. Kunnen da ya bambance na kamfani uku ido a rufe, yarinyar nan ta wuce ta gabansa bai sani ba. 'Yata ce. A kan keken ɗinki ta yi shi. Ita za ta naɗa mini na gindin."

"Mun shiga uku," in ji Mai Ganga a hankali. "Sabon labari ya samu."

Dariya ta ɓarke, mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Sajan ta ɗauka gida suka nufa. Ba a jima ba sai ga na farko ya dawo da jitarsa, ya rataye ta a ƙusar da ya sauke ta jiya. Na biyu ya biyo shi, har da cewa wai dama wanke mata jaka ya je yi. Wanda ya tambaya jiya ko yayarsa ce za ta bincike shi, shi ne na uku. Sajan ta tsaya a bakin ƙofa yadda dole sai ya raɓa ta gefenta, ta amsa gaisuwarsa da kyau, har da tambayar mutanen gida.

Da ta waiwayo, ƙaninta ya riga ya kunna ƙarfen dalma. Ya kira Injiniya ta riƙe masa faifan, ya ɗora madubin a kan ƙugiyoyinta yana dubawa.

"Dalmar nan ta ɗan yi yawa," ya ce.

"Kawu, sauri nake yi."

"Na ga alama." Ya share ido da bayan hannu, ya ce hayaƙin ne. "Matso da shi nan, ki ga yadda ake yi."